Abu Tara da Baba Ya So Ya Sake Yi da Kansa

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Binta, malamar firamare ce ni, yanzu na ajiye aiki. Abin da zan faɗa ya faru ne a gidanmu na Unguwar Kanawa zamanin mulkin soja, lokacin da layin mai yake kaiwa daga gidan mai har gadar Kawo. Ban taɓa faɗa wa kowa dukansa ba. Na rubuta ne don mai dattijo a gida ya kai shi a auna jininsa tun yana kan ƙafarsa, kuma don mai jinya ya ji abin da ni na aikata.

Baba mutumin Katsina ne. Ya shigo Kaduna yana saurayi, ya ja babbar mota shekara da shekaru, da ganinsa ya ragu sai ya koma tashar Kawo yana kula da layin motocin Katsina. Daga bakin titi ake jin muryarsa. A gida ma haka take. Mu biyu ne 'ya'yansa da suka rayu, Yaya Sabo da ni. Inna ta daɗe da rasuwa. Yaya Sabo yana Mando da iyalinsa, yana aikin kafinta. Ni kuwa aurena ya mutu na dawo gida, sai ya zama ni da Baba kaɗai a ciki, 'yan haya suna ɗakunan waje.

Akwai abin da ya kamata a sani tun yanzu. Bahaguwa aka haife ni. Tun ina 'yar shekara huɗu, in an ajiye tuwo Baba yakan ɗaure mini hannun hagu ta baya da tsohon rawani. In na ƙi ci da dama, a ɗauke kwanon. In ya kama ni ina rubutu da hagu, da guntun bel ɗin mota yake dukan yatsuna. Har yau ƙaramin yatsana a karkace yake. Na koyi ci da rubutu da dama. Ban taɓa yi masa maganar ba, ban kuma manta ba.

Ciwon ya fara da ciwon kai ta ƙeya. Ya ce rana ce. Sai jiri, ya ce yunwa ce. Mai kemis ya ba shi ƙwaya, yana haɗiya da goro. Wata rana ya yi haɓo a tasha har gaban rigarsa ya ɓaci. Na ce mu je asibiti, ya ce shi da ya yi hanyar Legas ba ta kashe shi ba, ba mace ce za ta ja shi gaban likita ba.

Ranar wata Talata da hantsi, ana hutun makaranta, yana zaune a tabarma yana shan shayi sai kofin ya suɓuce. Na leƙo daga kicin na ga bakinsa ya koma gefe guda. Ya so ya kira sunana, abin da ya fito “Inta” ne kawai.

Iliya, wani direba ɗan Zamfara da ke haya a ɗakin waje, shi ya fito daga layin man da ya kwana biyu yana bi, ya ɗauki Baba a kafaɗa ya sa a motarsa. Allah ya saka masa da Aljanna. A asibitin gwamnati kuwa mai ba da kati ya tafi cin abinci. Muka kwantar da Baba a benci, miyau yana zuba, mutane suna tsallake ƙafarsa, har aka kira azahar. Da likita ya ɗaura masa abin awo a hannu, sai ya cire tabaraunsa ya dube ni.

“Tun yaushe yake yawo da wannan jinin?”

Ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Mako biyu muka yi a gado. Komai mu ke saya, allura, ruwa, har auduga, kuma maganin da ka saya wannan makon ba haka za ka same shi mako mai zuwa ba. Keken ɗinkin Inna ya tafi a nan.

Da muka dawo gida Gwaggo Hassu, ƙanwar Baba, ta zo daga Katsina da ƙulle-ƙulle. Ta ce iska ce ta buge shi a tasha. Aka yi hayaƙi har idonsa ya yi ja, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a kafaɗa. Yaya Sabo ya kawo wani baƙin mai a kwalba, wai a shafa sau bakwai. Kowa ya shigo da shawararsa. Ba wanda ya tambayi inda ake shanya zanen gado. Bayan kwana goma Gwaggo ta koma, Yaya Sabo ya mai da zuwansa ranar Juma'a.

Sau biyu a mako nake kai shi asibiti a yi masa gashin ƙashi. Mai yi masa wata 'yar kudancin Kaduna ce, Sista Rifkatu, mace mai ƙarfin hannu da sanyin baki. Ba ta taɓa yi mana tsawa ba ko da mun makara. A zuwanmu na uku ta ja kujera ta zauna a gabansa.

“Baba, me kake so ka sake yi da kanka? Ba Makka ba, ba tuƙin mota ba. Ƙananan abubuwa. Malama za ta rubuta.”

Harshensa ya yi nauyi, kusan rabin awa muka yi. Na yago takarda daga littafin shirya darasi na rubuta. Ya sha shayi da kansa. Ya sa hularsa. Ya murɗa rediyo ya kamo tashar da yake so. Ya fasa goro. Ya yi alwala ba a zuba masa ba. Ya je bayi da ƙafarsa. Ya zauna a bencin ƙofar gida da la'asar. Ya ci balangun tashar Kawo. Na ƙarshe, ya je tasha ya ga layinsa. Tara suka kama.

Da za mu fita Sista ta riƙe ni a bakin ƙofa. “Malama, duk abin da kika yi masa alhali zai iya, kin ƙwace masa ne. Ki bar shi ya sha wahala kaɗan.”

Maganar nan ta zauna mini daram. Sai dai wahalar na riƙe, kaɗan ɗin kuwa a ƙofar asibiti na baro shi.

Na kafa takardar da ƙusa a ƙyauren ɗakinsa, inda in ya buɗe ido zai gan ta. Washegari na haɗa shayi yadda yake so, mai kauri da citta, na ajiye a gefensa na hagu.

Ya dubi kofin, ya dube ni. “Ba ni.”

“Ɗauka za ka yi, Baba.”

“Da mi?”

“Da wadda ta rage maka.”

“Ni? Da hagu? Ni kare ne?”

Na jira har shayin ya huce, na ɗauke. Abinci ina ba shi a baki, don magani ba ya shiga da yunwa, amma shayi na ce sai ya ɗauka. Kwana uku ina haɗawa ina ɗaukewa, ƙamshin citta yana cika ɗakin. A rana ta uku ya ce Allah ya isa. Na tsaya da kofin a hannu na ce, “In an ƙi ci, ɗauke kwano ake yi. A gidan nan na koya.”

Idonsa ya sauka kan ƙaramin yatsana. A rana ta huɗu ya miƙa hagu ya ɗauka, rabin shayin ya zube masa a ƙirji, ya sha sauran. Na ɗauko jan biron da nake duba littattafan yara da shi na yi maki a takardar. Wani daɗi na ji a raina wanda ya kamata ya ba ni tsoro, bai kuwa ba ni ba.

Hula ba ta yi wuya ba. Rediyo ma ya iya cikin mako guda, amma sai na mai da ita abin ciniki. Sista ta ce ya riƙa matsa ƙwallon tsumma da mataccen hannun. In bai yi ba, na zare batir na sa a jakata na tafi makaranta, ya wuni da ƙarar fanka in akwai wuta, in babu da ƙudaje. Goro da balangu likita ya hana, saboda jinin da kuma gishiri. Da na ga dama da na yi shiru a kansu. A gabansa na ja musu layi.

“Ɓari guda,” ya ce. “In tsotsa in tofar.”

Na ce a'a.

Kada wanda ya karanta ya ɗauka Baba ya koma ɗan rago. Bakin da ya karkace bai manta zagi ba. Bahaguwa yake kirana, wadda miji ya koro. Ya taɓa watsa mini shayi a fuska, da hagun da na koya masa. In na kawo masa fo ya gama biyan buƙata a ciki, wani lokacin da gangan zai ture shi da ƙafa, yana kallona ina gogewa, ga kayan makaranta a jikina. In baƙi sun zo ya ce ina kashe shi da yunwa. Yaya Sabo zai zo Juma'a da lemo biyar a leda, ya zauna kwatan awa, Baba ya wuni yana sa masa albarka. Ni da nake wanke masa kashi ban taɓa jin sannu daga bakinsa ba. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Haka dai gidan ya kasance.

Rana ɗaya ce zan ce mai kyau. A wata na uku ya fara bin bango da sanda. Maƙwabcinmu Malam Hamisu, mai makarantar allo, yakan shigo bayan azahar ya zauna da shi. Shi ya kwantar masa da hankali cewa wanda damansa ta mutu ya yi alwala da hagu ba laifi, Ubangijin da ya karɓi hannun ya san ya karɓa. Malam ya huda wa wata tsohuwar buta gindi, ya toshe da tsinke ya rataye a ƙusa, yadda in an zare ruwa zai riƙa zuba a hankali. Ranar da Baba ya yi alwala daga farko har ƙarshe ba wanda ya taɓa shi, ya jiƙe sharkaf, sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun Inna na da rai. Ni ma na yi. Muka haɗa ido. Da a ranar na cire takardar nan na ce Baba ya isa haka, da labarin nan daban ne.

Sai na matsa wa na shida. Bayinmu yana ƙarshen tsakar gida. Na ce daga yau da rana babu fo. Cikin magungunansa akwai wata ƙaramar ƙwaya mai sa fitsari, na kuma san haka sarai. Sau biyu ya kai da ƙyar, sau ɗaya bai kai ba. Na ce gobe zai kai.

A wata na biyar abokansa na tasha suka aiko cewa za su zo ranar Asabar bayan la'asar. Tun asibiti ba su gan shi ba. Baba ya ce a benci zai tarbe su, ba a kwance ba. Na goge masa farin kaftani da wando, ya sa hularsa da kansa, ya sa na riƙe masa madubi. Iliya ya taimaka muka fito da shi. Mutum huɗu suka zo. Ina cikin zaure ina jin su, suna ba shi labarin wanda ya sayi sabuwar mota da wanda ya faɗa rami a hanyar Zariya, yana amsawa da kalma ɗaya ɗaya, muryarsa har ta ɗan tashi. Na yi makin na bakwai a raina.

Can sai ya juyo da kai wajen zaure, ya yi ƙasa da murya.

“Binta. Kawo abin nan cikin zaure.”

“Bayi yana nan inda yake, Baba.”

“Ba ni kaiwa.”

“Jiya ka kai.”

“Binta, akwai mutane.”

Fo ɗin yana bayan ƙyaure, taku biyu daga inda nake tsaye. Na harɗe hannuwa na ce, “Za ka kai.”

Ya dafa sanda ya miƙe. Ɗaya daga cikinsu ya so ya kama shi, ya ture hannun. Taku uku ya yi. A bakin zaure, a gaban mutanen da ya shekara ashirin yana yi wa tsawa, fitsari ya biyo farin wandon har cikin takalminsa, ya kwanta a ƙasa yana gangarawa wajen kwata. Wani ƙaramin cikinsu, wanda Baba ya taɓa mari a tasha, ya sa hula ya rufe baki, kafaɗunsa suna motsi. Babbansu ya miƙe ya ce, “To Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi,” suka tafi ba su sha ruwan da na kawo ba.

Na shigar da shi na tuɓe masa kaya. Na zaci zagi, bai zage ni ba. Ina wanke masa ƙafa ya ce, a hankali, kowace kalma ta fita sarai kamar bakin bai taɓa karkacewa ba:

“Kin gama ramawa, ko da saura?”

Ga abin da na ce, kuma Allah yana ji na. Na ce, “Saura biyu a takarda.”

Daga ranar Baba ya daina ƙoƙari. Ya juya fuska bango. Na mayar da batir a rediyo, bai taɓa ta ba. Na ajiye shayi, ya huce. Ranar gashi ya ƙi tashi, na tafi ni kaɗai don in karɓo magani. Sista Rifkatu ta tambaye ni ina Baba, na faɗa mata, har ina ƙoƙarin nuna cewa umarninta na bi. Ta ajiye biro.

“Ni na ce ki yi haka?”

Sai ta ci gaba.

“Malama, takardar nan tasa ce. Abin da yake marmari ne ya faɗa miki. Ba bulala na ba ki ba.” Ta daɗe tana kallona. “Ki je ki roƙe shi gafara yau. Kada ki kai gobe.”

Na ce to. Na iso gida na tsaya a ƙofar ɗakinsa, na ga bayansa, sai na tuna rawanin nan da bel ɗin nan, na ce ai shi bai taɓa roƙona ba. Na wuce kicin. Gobe ta zama mako uku.

Labari ya kai Mando ta bakin 'yan tasha. Yaya Sabo ya zo ba Juma'a ba, ya yage takardar daga ƙyaure ya watsa mini, ya ce na tozarta ubanmu a bainar jama'a. Ya aika aka ɗauko Gwaggo. Suka karɓi jinya. Abu na farko da suka yi, suka daina ba shi magani, wai ƙwayar ce ta jawo abin kunya. Kullum da yamma Yaya Sabo yana zuwa da balangu a takarda, da yaji da gishiri, da goro fari manya.

Sau ɗaya na yi magana. Na ce, “Yaya, likita ya ce in aka tsai da maganin nan jinin zai koma.”

Ya ce, “Kin yi naki mun gani.”

Na san hanyar asibiti, na san Malam Hamisu da Yaya yake jin maganarsa. Ban je wajen kowa ba. Fushi na yi, na ce su yi mu gani. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma a wurina ya fi na farko. Ta taga nake hango Baba yana ɗaukar nama yana tauna a gefen bakin da ke aiki, mai yana bin gemunsa, Gwaggo tana yi masa fifita. Ba zan ɓoye ba, a duk jinyar ban ga ya ji daɗi kamar a kwanakin nan ba.

Wata guda aka yi haka. Wata safiya Gwaggo ta shiga da koko ta tarar yana minshari ido a buɗe. Iliya ya sake ɗaukarsa. A asibitin gwamnati ana yajin aiki, mai gadi ya ƙi buɗe ƙofa. Muka zaga wani asibitin kuɗi, likitan ya duba ya ce jinin ya sake bugunsa, wannan karon babba, mu kai shi gida mu riƙa jiƙa masa maƙogwaro. Yaya Sabo ya ce a gaban likitan baƙin cikin da na cusa masa ne. Likitan ya tambaya ko yana shan maganinsa. Ba wanda ya amsa, har da ni.

Ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta. Ciwon ƙeya da jiri da haɓo a jikin babba ba rana ba ce. Maganin hawan jini ba a tsai da shi don an ga sauƙi ko don an ji haushi. In kana da tsohon ciwo a zuciya game da wanda za ka yi jinya, ka faɗa wa wani ya riƙa leƙo ka, don hannunka zai yi abin da ba ka yi niyya ba. In kuma akwai gafarar da za ka nema, ka nema tun harshen mai yafewa yana motsi.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya yi. Ba magana, ba motsi, sai ido. Ruwa da koko mai ruwa-ruwa ake ɗiga masa da cokali. In Gwaggo ta kawo, ya buɗe baki. In Yaya Sabo ne, ya buɗe. Har Iliya ya ba shi ya karɓa. In ni ce, sai ya damƙe haƙora, ruwan ya bi gefen baki ya jiƙa matashi. Na gwada da safe, na gwada da rana, na bar Gwaggo ta fara sannan na karɓi cokalin a tsakiya. Da ya ga hannun ya canza sai ya rufe.

A rana ta goma na durƙusa a gaban gadon, Gwaggo tana zaune a gefe. Na ce, “Baba, ni ce Binta. Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah.” Na faɗa sau uku. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya lumshe ido. Bai sake buɗewa ba har na tashi. Washegari ana kiran azahar ya cika.

A zaman makoki Gwaggo ta riƙa faɗa wa mata cewa ya yafe mini, a gabanta aka yi, lumshe ido ai amincewa ce. Har ta rasu haka take faɗa, Allah ya saka mata da alheri, na san don ni take yi. Amma ni na yi wata bakwai ina karanta fuskar nan safe da yamma. Na san yadda yake lumshe ido in ya yarda, na kuma san yadda yake yi in yana so mutum ya fita masa daga ɗaki.